Tukunyar da Ta Gaji Sunana

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya same ni tsamo-tsamo cikin juji, da takalmi ƙafa ɗaya, a gaban baƙin gwamnati ba. Ko na so in manta, matan unguwarmu, Gangaren Tudu, ba za su bar ni ba, don sun kafa wa abin shaida mai kunne biyu, tana nan har gobe.

A shekarun da kuɗin mai suka fara malala ne. Ina ƙaramin akawu a ofishin duba-gari na Keffi. Karatuna iyakarsa aji bakwai na firamare, amma in ka ga yadda nake jera biro a aljihun gaba sai ka rantse daga Ingila na dawo. Ana nan aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka haɗo mana da ariyas na watannin baya a dunƙule, kaina ya ƙarasa kwancewa. Na tara suma. Na ɗinka wando mai faɗin ƙafa wanda ya fi leburorinmu iya share titi. Na sayi takalmi mai tudu, irin wanda in ka sa za ka ji kamar a kan bulo kake tafiya. Na kuma sayi butar shayi sabuwa fil, da tire da kofunanta, duk na alminiyam, suna walƙiya kamar madubi, na tura kwalinsu ƙarƙashin gado ina jiran ranar da zan yi aure in riƙa ba abokan ofis shayi kamar wani Bature.

Auren ma ya matso. Hajara aka ba ni, 'yar Malam Buba, babban duba-gari, wato ogana a ofis. Mutum ne marar yawan magana, dogo, kullum da laima a hannu ko ba hadari. In ya shiga gida duba tsabta, kafin ya yi sallama ta biyu mata sun kife duk wani kaskon da ya tara ruwa. Ni kuwa ba abin da nake so a duniya kamar ya dube ni ya ce, "Yaron nan ya waye."

Abu ɗaya ke tsaya mini a rai, shi ne gidanmu. Ba don ƙazanta ba, Inna ta fi kowa shara. (Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Da "kai" na girma, da na sami aiki ta koma ce mini Akawu, unguwa duka ta ɗauka.) Matsalar ita ce a wurin Inna ba abin da ke mutuwa. Bayan madafi tana da wata rumfa, komai da wurinsa. Kwalabe a wanke a kife, suna jiran mai man gyaɗa. Gwangwanin madara na mai ƙera fitila ne. Takardar buhun siminti ta mai ƙosai ce. Toka a tace ta a yi miya, saura a ba mai sabulu. Ɓawon doya na awaki, tsumma na cikon matashi. Yawanci ma ba kuɗi take karɓa ba. Kwalba ta fita wayam, wata rana sai ka ga ta dawo da ɗan mai a gindinta. Ka aika wa mai ƙosai takarda, da safe ka ga ƙosai da zafinsa a ƙofar ɗaki.

Duk wannan ina haƙuri da shi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne wasu buhuna da ke jingine a ƙuryar rumfar, cike da tarkacen dalma, wadda a ofis muke ce wa alminiyam: tukwane masu huji, murafu lanƙwasassu, cokula marasa kai, ludayi ba mariƙi. Kullum ƙaruwa suke. Sai ka ga mace ta shigo da abu ƙunshe a gefen zane, su yi ƙus-ƙus da Inna, a jefa a buhu, ta fita tana murmushi. Ni a zatona gidanmu ya zama jujin unguwa, kuma Inna kunya ke hana ta magana.

Ga abin da ban sani ba, don ban taɓa tambaya ba. (An ce an sha faɗa a gabana. Mai yiwuwa ne, amma a lokacin rediyo na manne a kunnena.) Unguwarmu ba ta da babbar tukunyar biki. In an yi suna ko aure ko rasuwa, sai an je wata unguwa aro, a durƙusa, a sha baƙar magana. Ranar auren 'yar Mama Rifkatu, maƙwabciyarmu kuma aminiyar Inna, shinkafa na kan wuta masu tukunya suka aiko a ba su abarsu yanzu-yanzu, wai sun yi baƙi. Haka aka juye shinkafa da ɗanyenta cikin ƙananan tukwane, baƙi daga Agwada suna zaune suna kallo. Tun daga ranar matan unguwa suka ƙulla magana: duk wadda wani abin dalma ya lalace mata, kada ta yar, ta kawo wa Inna ajiya. In ya taru a kai wa maƙerin Sabon Gari mai zubin tukwane, ya narke shi ya zuba musu tasu. Duk wadda ko cokalinta ya shiga ciki, ba za ta ƙara cewa "a taimaka a ara mini" ba, sai dai ta ce "a kawo tukunyarmu". Shekaru suka yi suna tari. Da aka sa ranar aurena sai suka ce ai shi ke nan, da bikin Akawu za a buɗe ta.

Ni kuwa ina can ina shirya musu tsiya.

A daminar nan aka kawo wa ofishinmu tifar kwasar shara sabuwa, koriya shar, irin wadda bayanta ke ɗagawa da kansa. Aka kuma ce manyan baƙi za su zo daga Jos su ga yadda muke aiki da ita. Sai ga Inna da Mama Rifkatu sun shirya tafiya Agwada, garin su Mama, don sayo sabuwar doya ta biki, za su kwana can. Na ce a raina Allah ya kawo lokaci. Zan gyara gidanmu kafin dangin amarya su fara zirga-zirga, kuma labari zai kai kunnen Malam Buba cewa akawunsa daga gidan uwarsa ya fara.

Na sami Tanko direba na ce ya biyo ta unguwarmu. Ya leƙa rumfar, ya buɗe bakin buhu ɗaya, ya dube ni.

"Akawu, Inna ta san da wannan?"

"Ni ba ɗan gidan ba ne?"

"Ɗan gidan ne kai. Tambaya dai na yi."

"To aikinka tuƙi ne," in ji ni, na gyara zaman biro.

Ƙarar tifa ta fito da unguwa. Mata suka leƙo ta ƙofofi, suka ga ana loda buhunan dalma a motar gwamnati, ni kuma ina tsaye kan takalmina mai tudu ina nuni da yatsa. Sai na ji guɗa ta tashi daga gidan da ke kallonmu, wata ta karɓa daga can gangare. "Allah ya yi maka albarka, Akawu." "Ɗan Inna ya fitar da mu kunya." Na ɗaga musu hannu a hankali, yadda na ga manya na yi. Na ce wa Tanko, "Ka gani? Mutane na son ci gaba, mai nuna musu hanya ne babu."

Har mun tayar da mota sai ga Kaka Ladi, tsohuwar da ke mini wasan jika tun ina rarrafe, ta taho da sauri tana dogara sanda.

"Tsaya, maigida, kada ka tafi ba ni." Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan cokali baƙi ƙirin. "Da shi na yaye 'ya'yana duka. Sa shi da hannunka."

Na karɓa da yatsa biyu na wurga bayan mota. Har na ce mata, "Kin kyauta, Kaka. Haka ake so kowa ya riƙa yi." Su a ganinsu na samo motar gwamnati ne don in kai kayansu wurin maƙeri cikin daraja. Ni kuma a ganina yabon tsabta ake mini. Muka rabu kowa na jin daɗin ɗan'uwansa.

Bayan gari, gefen babban titi, akwai wani ƙaton rami da 'yan kwangilar hanya suka haƙa suka bari. Nan muke zubar da sharar gari. Na tsaya na kalli bayan tifa ya ɗaga, buhuna suka gangara suna ƙara kamar ana kiɗan ƙwarya, na kakkaɓe hannu.

Washegari da la'asar su Inna suka dawo. Ko doya ba a gama saukewa ba mata suka cika gidan da barka. Ina ɗaki ina jin su, ina murmushi, ina jiran a kira ni. Da suka watse kuwa aka kira ni. Na same ta zaune kan tabarma, Mama Rifkatu na gefenta tana fifita da gefen mayafi.

"Akawu, an ce ka kai kayan mutane da mota. Allah ya saka. Maƙerin ya ce yaushe za a zo zubi?"

"Wane maƙeri, Inna?"

"Na Sabon Gari mana. Ko wani ka kai wa?"

Ko a nan ban farga ba. Na gyara murya na yi mata bayanin da muke yi wa mutane a kasuwa, cewa tara tarkace na kawo sauro da ɓeraye, kuma yanzu zamani ya canja, ƙasa ta yi arziki, in abu ya lalace sai a sayi sabo. Na ce na kai su ramin bayan gari.

Mama Rifkatu ta daina fifita. Inna ta daɗe tana kallon rumfar, kamar in ta ƙura ido buhunan za su dawo.

"Da nawa ne, da na ce Allah ya sa haka ya fi alheri," in ji ta. "Ba nawa ba ne. Gida-gida aka ɗauko aka ba ni don an ce hannuna ba ya ɓatar da abu."

Sannan ta ba ni labarin tukunyar daga farko, ba tsawa ba zagi, abin da ya fi duka ciwo. Ina tsugune, takalmin nan ya hana ni tsugunawa da kyau, sai tangaɗi nake.

Mama Rifkatu ce ta yi magana a ƙarshe, a hankali. "Ɗana, a ciki akwai kwanon soja. Na baban su Talatu ne."

Mijinta take nufi, wanda ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba. Abin da aka kawo mata nasa bargo ne da kwanon da yake cin abinci. Bargon ya daɗe da cinyewa. Kwanon kuwa ta ajiye shi shekaru a ƙasan akwati, sannan ranar da aka ƙulla maganar tukunya ita ta fara kawo shi. Ta ce mutumin mai son taro ne, bai ga auren 'yarsa ba, to bari ya shiga tukunya, duk bikin da za a yi a unguwar da shi za a yi.

Inna ta ce gobe za ta bi gidaje ta faɗa wa kowa da bakinta. Na roƙe ta ta ba ni zuwa azahar. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Goben nan kuwa ita ce ranar zuwan baƙin Jos, kuma ni aka sa in riƙa bin su da fayil. Don haka da sassafe na yi wanka na sa kayan da suka fi kowanne: farar riga, wandon nan mai share titi, da takalmi mai tudu. Lissafina shi ne in biya ta ramin, in jawo buhunan gefe, in ba wani mai amalanke ya kai gida, in wuce ofis ko gumi ban yi ba. (Har yau in na tuna wannan lissafin sai in ji tausayin wanda ya yi shi.)

Abin da na manta shi ne, saboda baƙi, Tanko ya wuni jiya yana kwashe kasuwa da mayanka. Duk ruɓaɓɓen tumatir na Keffi, da ɓawon rake, da gashin kaji, da abin da mahauta ke zazzagewa daga tumbin shanu, a kan kayan matan unguwarmu aka juye. Ga ruwan sama da aka yi ya dama komai ya zama kamar fate. Ungulaye na zaune a bakin ramin, suka dube ni, ko matsawa ba su yi ba.

Na naɗe ƙafar wando, ta warware. Na sake naɗewa, ta sake warwarewa. Na ce bari in taka a hankali ta gefe. Taku na farko lafiya. A na biyu ƙafata ta dama ta nutse har gwiwa, da na zaro ta sai ta fito da safa kaɗai. Na tura hannu neman takalmin, na ci karo da bakin buhu. Na ja, buhun ya yage, cokula suka watse cikin taɓo.

Daga nan na daina tunanin riga. Na sami wani abu mai kusurwa huɗu, a lotse, taɓo ya rufe shi, da wata waya a jikinsa, na mai da shi shebur. Ina kwasa ina watsawa, in na ga abu ya yi fari-fari in tsamo in wurga bakin rami. Murfi, ludayi, gindin buta. Duk kwanon da na tsamo sai in goge shi da rigata in duba ko shi ne na soja. Ban taɓa ganin kwanon soja ba, kunya kuma ta hana ni tambayar Mama kamanninsa, amma na ɗauka zai kasance ƙato, mai kauri, wataƙila da hoton bindiga. Yayyafi ya sauko. Na kifa wata tukunya mai huji a kan sumata don kada ta jiƙe. Ƙafa ɗaya kan tudu, ɗaya a ƙasa, sai na koma tafiya a karkace kamar keken da tayarsa ta sace.

Ban ji tsayuwar motoci ba. Muryar Malam Buba na ji daga sama, yana cewa, "Nan ne muke zubarwa, ranka ya daɗe, nesa da gidaje da rijiyoyi." Na ɗaga kai. Ga su jere a bakin ramin: baƙi cikin kwat da manyan riguna, kowa da hankici a hanci, ga abokan aikina da nake shirin ba shayi, ga Tanko a can baya yana kallon sama kamar an aike shi ƙirga gajimare.

Babban baƙon, wani mai tabarau, ya nuna ni da baki. "Malam Buba, ya kamata ku kewaye wurin nan da waya. Ga shi har masu taɓin hankali na shiga. Ba shi da dangi ne?"

Na yi fatan ramin ya ƙarasa haɗiye ni yadda ya haɗiye takalmina. Na kuma san Malam Buba na da hanya mai sauƙi. Tukunya ta rufe mini rabin fuska, taɓo ya rufe saura. In ya ce bai san ni ba, ba wanda zai ƙaryata shi, ni ma ba zan ƙaryata shi ba.

Ya daɗe yana kallona ta ƙarƙashin laima.

"Yana da dangi, ranka ya daɗe. Akawuna ne." Ya gyara riƙon laimar. "Kuma shi zan ba 'yata."

Wani daga cikin abokan aikina ya yi tari irin na mai danne dariya. Ni kuwa tarbiyya ta motsa, na ce ai ba a gaida suruki a tsaye, na durƙusa. A cikin fate. Har ƙugu.

"Barka da hantsi, Baba."

"Barka kadai. Cire hular tukuna." Na cire tukunyar. Ya dubi tarin da na wurga bakin rami, ya sa tsinin laima ya juya wani murfi mai mariƙin katako. "Wannan na ɗakin uwar Hajara ne. Shekara nawa ina shiga gidanku duba tsabta, ka taɓa ganin na taɓa buhunan nan?"

"A'a, Baba."

"To me ya rage kake nema?"

"Kwanon soja, Baba. Na mijin Mama Rifkatu."

Fuskarsa ta canja. Ya san mutumin, tare suka yi ƙuruciya. Ya sauke laimar, ruwa na dukansa, ya nuna hannuna da ita.

"Wannan da kake kwasar kashin shanu da shi fa?"

Na dubi shebur ɗina. Na goge gefensa da babban yatsa. Ga wasu lambobi da aka ƙwarzana da ƙusa, ga harafin farko na sunan mutumin. Tun safe yana hannuna.

Baƙon mai tabarau ya nemi a yi masa bayani, Malam Buba ya yi masa a taƙaice. Ban ji abin da ya amsa ba, don a daidai lokacin ne na hango su tafe ta gefen titi. Inna a gaba, Mama Rifkatu na biye, sai Kaka Ladi da sandarta, da sauran tsofaffin unguwa da matan da ke fita, kowa da kwando ko daro a ka. Waɗanda ba sa fita sun aiko da nasu kwandunan. Ashe Inna ba ta jira azahar ba. Tun da gari ya waye ta bi gidaje ɗaya bayan ɗaya ta faɗi abin da ya faru, ta ce laifin gidanta ne. An ce ba wadda ta ɗaga mata murya. Wata ma cewa ta yi, "To zaman me muke? Ai dalma ba ta ruɓewa."

Ba su kalli baƙin gwamnati sau biyu ba. Suka gaida Malam Buba, suka ɗaure zannuwa, suka gangaro.

"Maigida, wa ya yi maka wannan kwalliya?" in ji Kaka Ladi. "Da haka ka zo zance wurina da tuni na amsa."

"Kaka, ki yi haƙuri."

"Haƙuri na nan. Cokalina nake so. Hannunka na ba, ba hannun gwamnati ba."

Na miƙa wa Mama Rifkatu kwanon da hannu biyu, na kasa haɗa ido da ita. Ta karɓa, ta je wani ɗan gurbi da ruwan sama ya taru, ta wanke shi ciki da waje da yashi, ta goge da mayafinta. Sannan ta dawo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Shi ma haka yake dawowa daga gona," ta ce. "Tashi, ɗana, ruwa na shiga kunnenka."

Abin da na gani ranar nan bai bar ni ba har yau. Ni tarkace nake gani, su kuwa kowane yanki da sunansa. Mace ta tsamo abu baƙi, lanƙwasasshe, ta ɗaga: "Wannan ludayin gidan Liman ne." Wata ta ce, "Ga butar da aka yi wa Asabe gara da ita, ku ajiye mata, tana jego." Har gardama aka yi kan wani murfi, aka ƙare da dariya da aka gano na wata ce da ta rasu bara, suka yi mata addu'a, Musulmi da Kirista, kowa da irin tasa, a tsaye cikin juji. Tanko ya ajiye baƙi ya dawo da tifa da shebur na gaske, bai ce mini "na faɗa maka" ba, Allah ya saka masa. Cokalin Kaka Ladi ma ya fito, a cikin ɓawon kabewa. Takalmina ne dai har yau yana can.

Duk da haka ba duka aka samu ba. Da aka wanke aka kai Sabon Gari, maƙerin ya ɗaga buhunan ya jijjiga kai, ya ce in dai girman da aka yi magana ake so, da saura. Matan suka dubi juna. Shekarun da aka yi ana tari, ga biki ya ƙarato.

Na koma gida na jawo kwalin nan daga ƙarƙashin gado. Butar shayi, tire, kofuna, ko ruwa ba su taɓa gani ba. Maƙerin ya jujjuya butar, ya ga fuskarsa a jiki, ya ce, "Akawu, wannan ai sabuwa ce." Na ce na sani. Ya ɗora ta kan maƙera ya sauke mata guduma. (Ƙarya nake in na ce ban ji a ƙirjina ba.)

Muna tsaye aka yi zubin. Ya cika akwatin katako da yashi mai laima, ya danna siffar tukunya a ciki, ya zuga wuta har dalma ta zama ruwa. Mama Rifkatu da hannunta ta saka kwanon soja, ya ɗan tsaya a sama kamar yana kallonmu, sannan ya nutse. Butata ta bi bayansa, da cokalin Kaka, da murfin surukata. Da aka fasa yashin sai ga ta, ƙatuwa, mai kunne biyu, sai mutum biyu sun kama. Inna ta ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ta saurari ƙarar, sannan a karo na farko tun dawowarta daga Agwada ta dube ni.

"Ka ci abinci kuwa yau?" ta ce.

A cikinta aka dafa shinkafar bikina. Malam Buba bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya koma ga Allah. 'Yarsa ce dai ta rama masa. Ranar da aka kawo ta, da mutane suka ragu, abin da ta fara ce mini shi ne, "An ce kana da hular ƙarfe. Ba ka sa ta yau ba?"

Ban san wadda ta fara ba, ina zargin Kaka Ladi, amma kafin shekara ta zagayo tukunyar ta sami suna. Akawu. "Je ki gidan Inna ki ce a ba mu Akawu, gobe suna." "Akawu na coci, sai an tashi daga bikin Kirsimeti." "Wa ya mayar da Akawu bai wanke masa gindi ba?" Ina zaune a ƙofar gida ake wannan, ba mai ko kallona. Na yi ritaya da muƙamin da ya fi akawu, na yi furfura, na aurar da 'ya'ya da jikoki, duk a cikinta aka dafa. Yaran unguwa na yanzu sun ɗauka ni aka sa wa sunan tukunya.

An sha tambayata a wurin aiki, me zai sa mutanen gari su daina zubar da abin da zai sake amfani? Mu a ofis tara muka sani, da gargaɗi, da lasifika. Ban taɓa ganin ɗayansu ya sa mace ta shiga juji da ƙafarta ba. Abin da na ga ya sa, shi ne kowace na da cokalinta a ciki.

Ni dai ga abin da na koya: in na ga tsohuwa ta ajiye abin da ban gane amfaninsa ba, tambaya nake kafin in kira mota. In kuma na ji mata na yi mini guɗa, ba na ɗaga hannu sai na bincika me suke zaton na yi.